Lamba Taran da Ba Ya Ture Manya

Takardar kocin ta iso ni ne ta hannun wani direban bas mai zirga-zirga tsakanin Funtuwa da Malumfashi, a naɗe gida huɗu, gefenta ya sha baƙin mai. Layi biyar ce kawai. Kulob ɗin ƙwallon kamfaninsu na auduga yana da gurbin mutum ɗaya a gaba. Ya ji labarin ina da wani ƙato a kwaleji. In rubuto masa abin da na gani a jikin yaron, mai kyau da maras kyau, in kuma kawo shi gwaji ranar Asabar ta uku. A ƙasa ya ƙara da cewa, “Malam, kada ka yi mani irin ta masu kawo mana auduga, fara tas a bakin buhu, tsakuwa a ƙasa.”

A tsaye na karanta ta, na sake karantawa ina tafiya, na isa ɗakin malamai na kasa zama. Ni dama zama ba ya cikin abubuwan da na iya. Matata takan ce da za a bar ni, ko tuwo a tafe zan riƙa ci.

Lokacin ina malamin wasanni a wata kwalejin horon malamai da ke yankin Malumfashi. Ƙarshen shekarun saba'in ne, an buɗe firamare a kusan kowane ƙauye, ana neman malamai ido rufe, saboda haka aji ɗaya sai ka tarar da mai shekara goma sha biyar zaune kusa da mai gemu. Shi kuwa kocin, tun muna samari na san shi, mun buga tamaula tare a Funtuwa. Mahaifinsa daga kudu ya zo yana sayar da kayan keke, shi kuma a bayan tasha aka haife shi. Ranar Lahadi yana coci, amma wallahin da yake yi a yini ɗaya ni ba na yin ta a mako. Shi ya ci gaba da ƙwallo, ni aka ce na cika gajarta, na koma alli da usur.

Gurbin nan ba ƙaramin abu ba ne a wajenmu. Wanda kamfani ya ɗauka, da safe yana aiki a sito, da yamma atisaye, ga ɗaki, ga albashi. Daga nan ne kuma manyan kulob na Kaduna suke hango mutum. A duk shekarun da na yi ina koyarwa, wannan ne karo na farko da aka tambaye ni ɗan wasa.

Yaron daga wani ƙauye yake a bayan Dayi. Na ce yaro ne don ɗalibina ne, amma a ajin ƙarshe ya kai shekara ashirin da huɗu. Da ya gama firamare gona ya koma, ya yi shekara biyar yana bin garmar shanun mahaifinsa, sannan aka tsinto sunansa aka turo mana shi. Duk kwalejin ba ɗalibin da ya kai shi shekaru, ba kuma wanda ke kiran sunansa. Yaya suke ce masa, daga 'yan aji ɗaya har shugaban ɗalibai. Shekara uku ina jin wannan kiran safe da yamma, amma kiran bai taɓa nuna mini komai ba.

Ina da wani littafin rubutu mai jan bango da nake auna 'yan wasana a ciki, kuma ina ji da shi ƙwarai. Tsayi da ƙofar ajinsu nake aunawa: shi kaɗai ne yake sunkuyawa kafin ya shiga. Gudu kuwa daga gindin darbejiyar bakin fili zuwa rijiya, ina riƙe da agogon hannuna. A nan ba shi ne na ɗaya ba, ba ma na biyar ba. Tashinsa da nauyi. In kuma zai juya, sai ya ɗebo kwana mai faɗi kamar shanun huɗa sun kai ƙarshen gona. Duk na rubuta wannan.

Amma a jefo masa ƙwallo ta sama yana ba raga baya, a ga aiki. Zai tare ta da ƙirji ta sauko gabansa a hankali, ya baje kafaɗu, yara uku su rataya a jikinsa yana tsaye yana jiran wanda zai ba. Yawancin cin da muke yi ba shi ke yi ba. Shi ke tokare 'yan baya, ya buɗe hanya, ƙananan yaranmu na gefe su sulale su ci, a ɗauke su a kafaɗa, shi yana komawa tsakiya yana share gumi. Jifa daga gefe kuwa, hannayen garma ne, har bakin raga take sauka. In mun ci muna son mu riƙe, sai in ja shi baya, duk abin da ya taso ta sama ya mayar da shi da ka. Na daɗe ban san ko ɗan gaba zan kira shi ko ɗan baya ba. Lamba tara dai na ba shi, don ita ce rigar da ta shige shi.

Akwai wasa ɗaya da ban sa a littafin ba.

Kowace shekara da bazara, kafin a tafi hutu, mukan yi wasan malamai da ɗalibai. A shekarar ina da talatin da biyar, tumbi ya fara leƙowa, amma na ce ni zan riƙe Yaya. Sau uku na ƙwace ƙwallo a ƙafarsa. Sau ɗaya ma aka bugo kwana, muka tashi tare, ni da kaina ke tsayawa a hammatarsa, na riga shi sa kai. Ɗalibai suka ɗauki ihu, shugaban kwaleji ya miƙe daga kujerarsa yana tafi. Na yi mako uku ina ba da labarin nan. Na ba malamai, na ba mai shayin bakin ƙofa, na ba matata har ta kai in na buɗe baki sai ta riga ni: “Muka tashi tare.” Da na zauna rubuta wa koci amsa, wasan ya faɗo mini a rai, na yi murmushi na wuce shi. Na ce a raina, ranar ko wa aka haɗa ni da shi haka za ta kasance.

Sau huɗu na rubuta takardar ina yagewa. Na faɗi nauyin tashinsa, na faɗi faɗin kwanarsa, don kada a ce na ɓoye tsakuwa. Na faɗi ƙirjin, da kafaɗun, da jifan. Na rufe da layin da na fi jin daɗinsa: “Ba ya tsoron kowa.”

Ranar da na gaya masa, sun gama jarrabawar ƙarshe, damina ta sauka, 'yan ajinsu suna ɗaure akwatuna. Na same shi a bakin rijiya yana wanki. Ya saurare ni kansa a ƙasa, kumfa na zuba daga hannunsa.

“Malam, huɗar bana hwa? Baba ba ya iya bin shanu yanzu.”

“Ba ka da ƙanne?”

“Akwai su.”

“To su bi. Kai dai gaya mani, kana so ko ba ka so?”

Ya ci gaba da wankinsa har na fara buga ƙafa. Sannan ya ɗago, abin da bai cika yi ba.

“Ina so, Malam. Wallahi ina so. Da gaske ne wai a jirgin ƙasa suke zuwa wasa?”

Bai taɓa wuce Funtuwa ba a rayuwarsa. Na ce masa ya zauna a kwaleji har ranar gwajin, a gidana zai riƙa cin abinci. Matata ta ce ƙaton nan naka ko rabin kwano ba ya ci. Na tambaye shi ko zazzaɓi ne, ya ce a'a, abincin ne ba ya wucewa in ya tuna Asabar.

A babur ɗina muka tafi. Nauyinsa a baya sai da ya sa ƙafar gaba tana neman ɗagewa, muka yi ta tangaɗi tsakanin gonakin masara da auduga, ni ina surutu ba tsayawa, ina ba shi umarnin da iska ke kwashewa. Takalmin ƙwallon da na aro masa yana rataye a wuyansa.

Mun tarar da 'yan kulob ɗin a gindin wata bishiyar mangwaro suna sa kaya. Ba yara ba ne. Magidanta ne, masu ɗaukar buhu a sito, da makanikai, da direbobi, wasu da gemu, wasu sanƙo ya fara. Ina kafe babur, na waiwayo na ga Yaya ya durƙusa. Bi da bi yake gaishe su, yana jan gwiwa daga wannan zuwa wancan. Suka yi ta dariya. Wani daga cikinsu, dogo mai furfura a gemu, direban babbar motar kamfanin, shi ne kuma lamba biyar ɗinsu, ya miƙa masa hannu.

“Tashi, tashi, samari. Nan ba zauren surukai ba ne.”

Ni ma na yi dariya. Na ma ji daɗi, na ce sun ga tarbiyyar ɗalibaina.

Koci ya raba su biyu, ya sa Yaya a gaba, ya sa direban nan ya riƙe shi. Aka hura usur.

Ƙwallon farko da ta taso ta sama, na riga na san abin da zai faru, har na buɗe baki zan ce wa koci duba nan. Sai na ga kafaɗun nan da na cika takarda da su sun tattare. Ya ɗan ja gefe, direba ya sa kai a natse kamar mai ɗaukar hularsa. Na ce sabon wuri ne. Ta biyu ma haka. Ta uku ya tare da ƙirji, tsaf, yadda ya saba, amma da ya ji mutumin a bayansa, maimakon ya tokare sai ya saki jiki ya ba shi hanya. Yana samun sarari fili fetal, ba kowa kusa da shi, amma ba zai ɗaga murya ya nemi ƙwallo ba, sai dai ya ɗan ɗaga yatsa kamar ɗan aji mai son fita fitsari. A kwaleji muryarsa har ɗakin girki ake jin ta.

Na bi layin gefe na kai ƙarshe na dawo, na sake komawa. Na yi ihu har muryata ta dushe. Koci yana tsaye, hannu a harɗe.

Dab da hutun rabin lokaci abin ya kai ƙarshe. Aka zuro ƙwallo tsakaninsu, suka bi ta tare, ba da niyya ba kafaɗarsa ta taɓa direban. Taɓawa kawai. Mutumin ya tashi sama ya faɗi can, ya mirgina. Ƙwallo tana gangarawa, gola ya fito ya zame, raga a buɗe, taku biyar ya rage. Yaya ya tsaya cak. Ya juya, ya koma, ya kama direban ya ɗaga shi yana kakkaɓe masa ciyawa.

“Sannu, Baba. Yi haƙuri, Baba, ban gani ba.”

Ana hura usur na ja shi bayan mangwaro. Ban san abin da na faɗa ba duka, na dai san na kira shi sakarai, na kira shi buhun dusa.

“Me ya same ka? Ina ƙarfinka? Wa ya ce ka tsaya?”

“Malam, sa'an kawuna ne hwa. Da furfura gare shi.”

“Ina ruwan ƙwallo da furfura? A kwaleji ba ture mutane kake yi ba kamar karan dawa?”

“Ai su ƙannena ne, Malam.”

“To ni fa? Ranar wasan malamai ba ka tashi da ni ba? Ba da ƙarfinka ka tashi ba na riga ka?”

Ya sunkuyar da kai yana murza igiyar takalmi. Da zai yi shiru da ya rufa mini asiri, amma shi ba ya iya ƙin amsa tambayar malami.

“Haba Malam. Ni in tashi sama da kai?”

Na ji dariya a bayana. Direban ne, ya zo shan ruwa daga bokitin da ke gindin bishiyar, ya ji komai. Bai yi da mugunta ba, ya ma yi ƙoƙarin mayar da ita tari. Amma ni a lokacin na ga mai shayi, na ga shugaban kwaleji yana tafi, na ga matata tana cewa muka tashi tare. Ashe duk ɗaliban da suka yi ihu ranar sun san abin da suke wa ihu. Kunya ta rufe ni tun daga ka har ƙafa, kuma nan take ta koma fushi.

Zagaye na biyu bai canza komai ba. Da aka tashi, koci ya kama hannuna muka taka zuwa wajen raga.

“Malam, jikin nan ban taɓa ganin irinshi ba. Ka ga yadda ya watsar mani da lamba biyar ba ma da niyya ba? Amma ka rubuto mani ba ya tsoron kowa.”

“Ba tsoro ba ne.”

“Na sani, wallahi na sani. Ni dai a bayan tasha na tashi, mu ko tsohonmu ne ya shigo fili sai mun taka shi, in an koma gida ya rama. Wannan abin naku ne, kai ka san kanshi. Tambaya ɗaya zan maka. Halin nan yana fita daga jikin mutum ko ba ya fita? In ka ce yana fita, in riƙe shi wata uku in gani. In ka ce a'a, akwai wani yaro daga Zariya yana jira. Ka aiko mani ta hannun direban bas ɗin nan kafin Juma'a.”

Muka kama hanyar komawa. Hadari ya taso ta gabas, na yi ta murza babur kamar shi ya yi mini laifi.

Ranar Litinin takardarsa ta tura aiki ta iso ofishin kwaleji. An ba shi wata firamare kusa da ƙauyensu, da sharaɗin ya bayyana ranar da za a buɗe makarantu, in bai zo ba a soke sunansa. Wata ukun koci ya haɗiye wannan ranar. Ke nan ba zai riƙe biyun ba, kuma ni ne zan zaɓa masa.

Kwana huɗun nan ban san inda na sa kaina ba. In shiga ofis in fito, in zagaya fili, in buɗe jan littafin in rufe. Na gyara ragar da ba ta yage ba. Ranar Laraba da la'asar na kira shi fili, mu biyu kawai, kwaleji ba kowa. Na ajiye ƙwallo tsakaninmu na ce ya zo ya ture ni ya ɗauka.

Ya zo a guje, ya iso kusa ya rage, ya taɓa ni da kafaɗa kamar mai ɗauke da ƙwai.

“Da ƙarfi!”

“Malam, in ka faɗi hwa?”

“Faɗuwar nake so!”

Muka sake. Muka sake. Na ba shi umarni, na roƙe shi, na zage shi, har na ɗaga hannu kamar zan mare shi ko zuciya za ta ɗebe shi. Ya tsaya yana jiran marin. Ya fi sau ashirin yana tahowa yana ragewa, gumi na zuba, idanunsa sun yi ja. Na ga yana so ya yi, jikinsa ne yake ƙi. Kuma duk sanda ya rage gudun nan a gabana, sai in ga yadda ya rage shi ranar wasan malamai, in ƙara ƙulewa. Daga ƙarshe na ɗauki ƙwallona na bar shi tsaye a tsakiyar fili.

Ranar Alhamis na yage takarda daga jan littafin na rubuta kalma uku: “Ba ya fita.”

Ina da hujjojina, kuma masu kyau ne. Ga aikin gwamnati a hannu, ga tsoho ba ya iya bin shanu, ga abin da na gani da idona ranar Laraba. Na jera wa kaina su a hanyar tasha, na sake jerawa a hanyar dawowa. Abin da ban jera ba shi ne, tun ranar Asabar ba na son ganin fuskarsa.

Na gaya masa koci ya ɗauki yaron Zariya, wanda gaskiya ne. Ya kawo mini takalmin aro a wanke, an cusa takarda a ciki don kada ya lanƙwashe.

“Na ba ka kunya, Malam. Ka yi ta wahala da ni.”

Na ce ba komai, haka Allah ya so. Ya ɗauki akwatinsa a ka ya tafi bakin hanya.

An yi shekara bakwai ko takwas. An mayar da ni wata makaranta, na daina riƙe littafi, tumbin ya gama fitowa. Wata ranar kasuwar Danja na shiga wata ƙaramar bas daga Funtuwa, na zauna gaba. Direban yana ta kallona ta gefen ido, gemunsa ya yi fari fat. Mun wuce gari kaɗan ya bugi sitiyari.

“Malamin ƙato! Muka tashi tare!”

Ban san ta yadda maganar ta kai gare shi ba, ban kuma tambaya ba. Lamba biyar ɗin nan ne, ya bar kamfani ya bar ƙwallo. Muka gaisa, ya tambaye ni ina yaron. Na ce yana koyarwa a ƙauyensu.

“Kai, an yi asara. Ni na roƙi koci ya riƙe shi. Na ce a bar mani shi wata biyu kawai. Ya ce ai malaminshi ya rubuto ba ya fita.”

“Na gwada shi,” na ce. “Na tsaya a gabansa na ce ya ture ni, ya kasa.”

Ya juyo ya dube ni har sai da fasinjan baya ya ce direba hanya.

“Kai ka tsaya? Haba Malam, wa ke ture malaminshi? Ko ni yau aka ce in ture wanda ya koya mani tuƙi ai hannuna ba ya tashi.” Ya canza giya. “Ni daga wani ƙauyen Matazu na zo kulob ɗin nan. Ranar farko takalmi na cire kafin in gai da kyaftin. Na fi wata ban taɓa kowa ba. Mu duka 'yan ƙauye haka muke zuwa. Maganinshi kwano ne. A sa ka ci da su kwano ɗaya safe da yamma, su riƙa ƙwace maka nama, su riƙa taka maka ƙafa suna tsokanarka, har ranar da za ka manta furfurarsu. Ni sai da na jefa kyaftin cikin kwata sannan aka ce na zama ɗan wasa. Shi koci ɗan gari ne, bai san muna yin haka ba, ba ma gaya mashi. Shi ya sa ya tambaye ka.”

Ban san yadda na sauka a Danja ba. Abin da na je saye ban saya ba. Washegari na tayar da tsohon babur ɗina na nufi Dayi, na saki kwalta na bi turba tsakanin gonaki, ina tambaya har na isa makarantar.

Ana hutun tara, yana tsakiyar fili da ɗalibansa, ya tattare riga ya ɗaure a ƙugu. Wani yaro ya jefo masa ƙwallon roba, ya tare da ƙirji ta sauko gabansa a hankali, yara goma suka rataya a jikinsa suna ihu. Da ya hango ni ya taho da gudu, ya zube a gabana, mutum mai 'ya'ya, mataimakin hedimasta, a gaban yaran da yake koyarwa.

Muka zauna a inuwar aji, ni a benci, shi a ƙasa, duk yadda na yi ya ƙi hawa. Na gaya masa komai, ban rage ba. Tambayar koci, da wata ukun, da kalma ukun da na rubuta, da abin da direba ya faɗa. Na gaya masa har maganar wasan malamai, da cewa ban sani ba har yau ko idona ne ya rubuta takardar nan ko haushina. Yana saurare yana zane a ƙasa da tsinke. Da na ambaci wata ukun, tsinken ya tsaya, ya daɗe a tsaye. Sannan ya ci gaba.

“Malam ya fi ni sanin ƙwallo,” ya ce.

“Ban fi ka ba! Na cuce ka nake gaya maka. Ka ce wani abu mana. Ka yi fushi!”

“Subhanallahi, Malam. Ni in yi fushi da kai?”

Na miƙe na zauna, na sake miƙewa. Ya aika aka kawo mini fura, ya sa aka ɗaura mini ƙwan zabi a bayan babur cikin ƙwarya da ƙaiƙayi. Na buga babur ya ƙi tashi. Na buga har ƙafata ta gaji. Ya ce in hau in sa giya.

Ya sa kafaɗa a bayan babur ɗin ya tura. Kaina ya yi baya, ƙafafuna suka bar ƙasa, na riƙe kan babur da hannu biyu don kada in faɗi, injin ya kama tun kafin mu kai ƙofar makaranta amma bai daina turawa ba sai da muka kai bakin turba. Shekara uku na yi ina auna shi da agogo da littafi, ban taɓa jin ƙarfinsa a jikina ba sai ranar, yana tura ni gida.